Jan Biro da Ledoji Goma

Shekara ashirin da biyu Jan Biro ya yi yana aikin akawu a masana'antar da ke yin robar ƙarin ruwa ta asibiti. Laƙabin ya samo shi ne daga biron da ba ya barin aljihun rigarsa. Ofishinsa yana can ƙarshen baranda: tebur ɗaya, kujera biyu, kabad uku na ƙarfe. A kabad ɗin ne taswirorin aiki suke, manyan takardu da ya zana da hannunsa, akwati bayan akwati, kibiya na fita daga wannan tana shiga wancan, tun daga inda ake zuba ƙwayar roba a inji har inda ake liƙe kaya a leda. Bai taɓa goge komai ba. In aiki ya canza, sai ya ja layi ɗaya a kan tsohon, ya rubuta sabon a gefe da ja, ya sa kwanan wata, ya sa hannu. A ƙasan kowace takarda sunansa ne, shi kaɗai.

Ƙanin matarsa ma a nan yake aiki. Jan Biro ne ya kawo shi, ya cika masa takardar neman aiki, har takalmi ya ara masa ranar ganawa. Ƙanin ya fara da kula da inji, ya haɗa da karatu, yau ga shi da furfura a gemu, kowa na ce masa Injiniya, shi ne shugaban sashen inganci. Ofishinsa taga biyu gare shi. Jan Biro ya ƙirga.

Da aka kafa sabon layin aiki, Manaja ya tara su. Ya ce kafin roba ko ɗaya ta fita daga layin zuwa asibiti, dole a yi gwajin tabbatarwa: a tafiyar da aikin sau uku a jere daidai yadda taswira ta nuna, a auna abin da ya fito. Abin da ke kan taswira shi za a gwada, shi kuma sababbin ma'aikata za su bi.

"Kuma wannan karon a kwamfuta za a zana," in ji Manaja. "Injiniya zai zaɓo mana manhajar da ta dace."

Jan Biro ya rubuta wannan magana a littafin taro, biron na kusan huda takarda.

A baranda Injiniya ya dafa kafaɗarsa. "Yaya, kwantar da hankalinka. Kabad ɗinka ba za mu sayar wa 'yan gwangwan ba. Gidan tarihi za mu kai su, har da kai."

"Takalmina dai nake jira ka dawo min da shi," in ji Jan Biro.

"Ai ya mutu tun a ƙafarka."

Aka yi dariya. Jan Biro ma ya yi, iya haƙora.

Ranar Laraba Injiniya ya haska manhaja uku a bangon ɗakin taro. Ta farko kala-kala ce, akwatunan na motsi, kibiyoyi na lanƙwasa da kansu, Manaja har gyara zama ya yi. Ta biyu kowa na iya buɗe ta a waya ya yi gyara. Ta uku fara ce fat, ba ado, kuma ba ta yarda ka taɓa komai sai ka shiga da sunanka ka faɗi dalili. A cikin kowacce Injiniya ya zana layin gaba ɗaya, akwati goma sha takwas.

Jan Biro ya bi su da ido, ya sake bi. A takardarsa goma sha tara ne. Tsakanin akwati na sha huɗu da na sha biyar akwai wani ƙarami da ya ƙara da ja shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Injiniya daga bugaggen littafin ƙa'ida ya kwafo, bai buɗe kabad ba.

Ga abin da ke cikin akwatin. Injin liƙe leda, in aka kashe shi lokacin hutun rana aka sake kunnawa, fitilarsa na nuna ya yi zafi alhali gefen hagu na ƙarfen bai gama ɗauka ba. Baaba mai liƙi, wadda ta tsufa a kan injin, ita ta gano haka. Tun daga lokacin takan zubar da ledoji goma na farko, ta ɗaga ta sha ɗaya a haske ta duba kafin ta ci gaba. Sabon layin irin wannan injin aka sa masa.

Wani daɗi ya ratsa Jan Biro. Ya rufe bakinsa ruf. Bari gwaji ya faɗi, a tambayi wa ya zana, a zo ƙarshen baranda a ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Da yamma matarsa na ninke wanki ta ce, "Na ji ƙanina shi aka ba babban aiki. Kai ma ka ji daɗi, ko Malam? Ai renonka ne."

"Na ji."

"To me ya sa kake ta juya cokali a kofin da ba sukari?"

"Ke dai ƙaninki ko tari ya yi sai ki ce da ilimi ya yi shi."

Ta kalle shi ta gefen ido ta ci gaba da ninki. Shekara ashirin da shida suna tare, ta san lokacin da za ta ƙyale shi.

Washegari da hantsi Baaba mai liƙi ta leƙo ofishinsa, hular aiki a kanta.

"Akawu, an manna mana sabon zane a bango. Na sa an karanta min. Ina ledojina goma?"

"Ki tambayi mai taga biyu."

"Kai na sani. Kai ka tsaya a kaina da agogo kwana uku kana rubutu." Ta zauna ba a ce ta zauna ba. "Ni ƙarshen shekara zan ajiye aiki, gwiwa ta ƙi. Waɗanda za su zo bango za su bi, ba ni ba."

"Gwaji zai nuna, Baaba."

"Wane gwaji? An ce ƙarfe tara na safe za a yi shi, duka ukun. Lokacin inji ya yi awa biyu yana aiki. Ko makaho ka sa zai liƙe daidai."

Bayan ta fita ya ɗauko jadawalin gwajin ya duba. Ƙarfe tara, ƙarfe tara, ƙarfe tara. Ashe gwajin ba zai faɗi ba. Injiniya zai sha tafi, ba wanda zai ƙwanƙwasa ƙofar kowa. Sai dai kowace rana bayan hutu ledoji goma masu buɗaɗɗen gefe su shiga kwali, ƙwayar cuta ta samu hanya, robar ta ƙare a jijiyar wani da ke kwance a gadon asibiti. Ya daɗe yana kallon sa hannunsa a gefen ƙaramin akwatin. Shi ya rubuta, ba zai iya cewa bai sani ba.

Ranar Litinin, ana shirin amincewa da mai kala-kala, ya shigo da takardar a naɗe, ya shimfiɗa ta a tebur, ya danne gefenta da wayar Manaja. Ya yi bayanin ledojin, da kwanan wata, da lokacin gwaji.

"Tambayata ɗaya ce, ranka ya daɗe," ya ce. "A zana wannan akwatin a cikin ukun, sannan a cire shi. Wacce za ta gaya min wa ya cire, yaushe, don me?"

Injiniya ya gwada. A ta farko akwatin ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba. Ta biyu ta ce an yi gyara, ba ta ce wa ya yi ba. Ta uku ta ƙi, sai da ya ba ta suna da dalili, kuma ta ajiye tsohon zanen a gefe da layi ɗaya a kansa.

"Wannan ai Yaya ne aka zuba a kwamfuta," in ji Injiniya. "Ga taurin kai, ga rashin ado." Ya shafa gemu, muryarsa ta sauka. "Kuskurena ne, ban buɗe kabad ba. A ɗauki ta uku, a mayar da gwaji ɗaya bayan hutun rana."

"Madalla, Injiniya," in ji Manaja. "Shi ya sa na ba ka aikin nan."

Jan Biro ya naɗe takardarsa a hankali. Wannan maganar ma ya rubuta ta a littafin taro, kalma bayan kalma.

Da aka zo shigar da akwatin, Injiniya ya jawo kwamfuta ya ce, "Kawo in buga maka, Yaya, kada mu kai gobe."

"In ka buga, sunan wa za ta rubuta?"

"Nawa."

"To tashi."

Minti arba'in ya ɗauka, da yatsa ɗaya, tabarau a ƙarshen hanci, Injiniya na tsaye a bayansa yana cewa ba nan ba, can. Akwatin ya zauna a gurbinsa, suka koma goma sha tara. Jan Biro ya sa aka buga masa shafin a takarda ya tafi da shi ofis.

A saman shafin, inda aka rubuta wanda ya amince, sunan Injiniya ne da manyan haruffa. Nasa yana can ƙasa, layi na bakwai, ƙanana. Ya ɗauko rula ya auna, na Injiniya sun ninka nasa tsawo. Ya ciro biron daga aljihu, ya ja layi biyu a ƙarƙashin sunansa, ya sa kwanan wata, ya sa hannu, ya saka takardar a kabad na uku ya kulle.