Faifan da Ciyaman Ya Kulle

Shekara ashirin da uku ke nan da rasuwar abokina Haruna, kuma har yau a Karaye akwai masu kiransa "wanda ya goge burtali". Duk lokacin da na ji haka sai raina ya ɓaci, don an bar jaki ana dukan taiki.

A tsakiyar shekarun casa'in ni malamin dabbobi ne, shi kuma akawun wani ƙaramin kwamitin sulhu na manoma da makiyaya. Rani biyu muka yi a kan babur, daga Kurugu zuwa Kafin Dafga har Gwangwan, muna zama da tsofaffi suna faɗa mana inda burtali ya bi da inda mashaya take, daga wace tsamiya zuwa wace kuka. Da gara ta fara cinye takardun da muka rubuta, sai Haruna ya buga shaidar duka a kwamfutar da wani bawan Allah ya ba kwamitin. Kwamfutar lokacin baƙin allo ce, ba hoto ba komai, sai ka rubuta mata umarni ta bi.

Shi ya fahimtar da ni cewa umarnin iri biyu ne. Akwai na jiki, waɗanda suke cikinta da zarar ta tashi, kamar wuƙar da ke ƙugun makiyayi: DIR ka ga abin da ke ajiye, COPY ka kwafa, DEL ka goge. Akwai kuma na waje, waɗanda a irin tamu sai an sa faifai ake samun su. Umarnin dawo da abin da aka goge yana cikin na wajen.

Shugaban kwamitin, wanda muke kira Ciyaman, bai yarda da Haruna ba. Ya tattara faya-fayan nan kaf, har da waɗanda za a kwafi ajiya a ciki tun ba a kwafa ba, ya kulle a durowarsa, wai kada a lalata kayan jama'a. Haruna ya ce masa, "Ranka ya daɗe, magani ka kulle. Abin ɓarnar yana cikin na'urar." Ciyaman ya ce shi ba a koya masa tsaron dukiya.

Wata Laraba Haruna ya tafi suna Rogo. Ciyaman ya yi baƙi daga Kano, ya sa aka tayar da janareto don ya nuna musu shi ma ya iya. Ya daɗe yana kallon yatsun Haruna, ya ɗauka kallo karatu ne. Ya so goge wata tsohuwar wasiƙa, ya buga DEL da alamun tauraro yadda ya taɓa gani, bai san "goge duka" suke nufi ba, na'ura ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Aikin rani biyu ya tafi kafin shayin baƙi ya huce.

Da Haruna ya dawo bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, bayanan ba su tafi ba tukuna. Kada dai a rubuta komai a cikinta. A ba ni faifai na uku mai umarnin dawowa, kafin la'asar zan dawo da su." Amma buɗe durowar nan amsa laifi ne. Ciyaman ya ce sai kwamiti ya zauna. Washegari ya ɗauko wani mai buga takardu daga birni, ya yi mako yana aiki a kan na'urar, sabon rubutu yana hawa kan gurbin tsohon. Takardar farko da ya buga ita ce ta korar Haruna, wai shi ya goge. A kan gurbin shaidar tsofaffin Gwangwan da aka goge ta hau.

Tsofaffin nan sun bi juna zuwa gidan gaskiya. Burtalin da suka kwatanta mana yau dawa ce a kansa, kuma duk kaka sai na ɗinke saniyar da aka sara. Haruna ya koma gyaran rediyo a kasuwa, bai taɓa kama sunan kowa ba har ya kwanta dama.

Ina tunanin me zai ce da ya ga wayoyin yau, inda abin da ka goge yake zama a kwando yana jiran ka yi nadama. Na san dariya zai yi, ya ce na'ura ta koyi haƙuri, saura masu mukulli. Abin da ya bar mini shi ne wannan fahimta, cewa hannun mai ɓarna kullum a sake yake, mai gyara ne ake sa wa sharaɗi.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na yi shekaru ina tsine wa Ciyaman, alhali ranar Larabar nan ni na tayar da janareton, kuma ina tsaye a bayansa lokacin da ya danna. Da kwamiti ya zauna aka tambayi wanda ya gani, na dubi albashina na yi shiru. 'Ya'yan Haruna, ku ji daga bakin wanda yake ɗakin: babanku yana Rogo. Allah Ya jiƙansa, ni kuma ku yafe mini in za ku iya.