Takalmina Ya Tafi Mindanao

Jiya kwalin Tita Norma ya bar unguwar Setapak, a nan ƙasar da muke zaman baƙunta, da tsohon takalmina a ciki.

Gwaggon matata ce, 'yar Filifins; a can “Tita” suke ce wa gwaggo. Da aka sassauta kullen korona muka je ɗakinta, ina ƙorafin wata uku ban ci kilishi ba. Ita kuwa shekara guda tana tara sabulu da kifin gwangwani za ta aika gida, tsibirin Mindanao.

Ta ɗauko takalmin da na cire a bakin ƙofa. "Ɗana, matarka ta ce jefarwa za ka yi."

"Ya tsufa, Tita."

"Ƙanena da silifas yake zuwa gona. Bar shi mana."

Da silifas ɗinta na dawo, kuma ban sake zancen kilishi ba. Ku me kuka jefar bana?

Har yanzu ba a tabbatar mana da lambar ƙafar ƙanen nata ba.