Sikelin Anghel Dobrota

A kasuwar Fokshani ba a ƙulla babban ciniki sai an bi ta sikelin Anghel Dobrota, ɗan kasuwar ulu da gishiri. Gadon ubansa ne, kuma baƙi ba su yarda da awon kowa sai nasa. Yana saurayi aka taɓa sa shi ya auna yaran bayi, don a lokacin masu gonaki kan sayar da su da nauyi. Ya auna, ya karɓi ladansa, ya koma bayan rumfa ya yi amai. Tun daga nan ya zama mai baƙin jini, yana yawo da takardar neman a 'yanta bayi, manya suna juya masa ƙeya.

Wata ranar kasuwa Kostake, wakilin babban mai gona, ya janyo wata yarinya, Luludi, 'yar Stanchu maƙeri, bawan gidansu. Mai saye daga ƙetaren kogi yana biye da shi.

"Ɗora ta, Anghel. Baƙon nan sauri yake."

"Na daina wannan tuntuni, yallaɓai."

"To gobe ka nemi wata rumfar. Ka san filin wa kake tsaye a kai."

Anghel ya sani sarai, ga 'ya'ya biyar a gida. Tsoro ya kama shi sosai. Yarinyar ma ba ta jira ba, ta hau da kanta, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Ya ɗauki dutsen awo mafi girma, ya maka wa ƙarfen tsakiya. Sikelin ya karye.

Baƙon ya ce ba zai biya a kan awon wani ba, a aiko masa in an gyara. Maƙeri ɗaya ne a garin ya iya wannan aikin, shi ne Stanchu. Da aka kira shi, ya jujjuya ƙarfen, bai kalli 'yarsa ba.

"Zai ɗau lokaci, ranka ya daɗe."

Ya sha bulala ba adadi, gyara bai ƙare ba har shekara biyu, lokacin da dokar 'yanta bayi ta fito. Anghel kuwa an kore shi tun washegarin ranar da ya karya sikelin, ya koma kasa albasa a bakin hanya. Mako guda bayan dokar, Stanchu da Luludi suka kawo masa sikelin a amalanke.

"Aikin yini ɗaya ne, maigida," in ji Stanchu.