Malam Ɗaga-Shi

Ainihin sunansa sai dai a takardun ofis. Kowa a sakandarenmu Malam Ɗaga-Shi yake ce masa, har shugaban makaranta. Lissafi yake koyarwa da safe, amma da an tashi sai ya saka wani kambas da ya ga jiya ya ga yau, ya rataya usur a wuya, ya kora mu filin ƙwallo. Fili kuwa ba ciyawa, sai tsakuwa da wani rami kusa da raga da ni mai tsaron gida na san shi kamar tafin hannuna.

Dokarsa guda ce. In ka kayar da mutum, naka ne ko na abokan karawa, sai ka tsaya ka ba shi hannu kafin ka sake taɓa ƙwallo. Da yaro ya faɗi za ka ji murya daga bakin fili kamar an fasa tulu: "Ɗaga shi!" Wanda ya yi kunnen ƙashi, benci zai ɗumama har a tashi, ko da shi ne gwanin gwanaye. Mun yi gunaguni har mun gaji. Ni da kaina na taɓa ce masa, "Malam, ƙwallo muka zo ko aikin asibiti?" Ya ce in zaga fili har sai na samo amsar.

Amma wallahi muna son mutumin nan. Shi ne mai ɗinke mana takalma da zare da allura a ƙarƙashin bishiya, shi ne mai zuwa gida ya lallashi uban da ya hana ɗansa wasa. Duk cikinmu kuwa ba wanda yake ji da shi kamar ƙanena, wanda muke kira Tsinke saboda rama. Tsinke ne ɗan gabanmu, in ya ja ƙwallo sai ka rantse ɗaure shi ya yi a ƙafa.

Sai ranar wasan ƙarshe na cin kofi. Ana dab da tashi, babu ci, Tsinke ya kutsa, ya ture ɗan bayansu ya faɗi, alƙali bai hura ba. Saura shi da mai tsaron gidansu, wanda ya baro raga ya taho a guje. Sai muryar nan ta tashi: "Ɗaga shi! Ɗaga shi!" Tsinke ya ja birki, ya juya, ya miƙa wa yaron hannu. Aka share ƙwallon. A bugun fenariti suka cinye mu.

A wurin Tsinke ya tuɓe riga ya jefar gaban Malam. Ya ce shi da ƙwallo har abada, shi da mutumin nan ko gaisuwa. Kun san zuciyar ƙanena? Ya girma, ya yi aure, ya zama direban tasi, ya yi furfura a gemu, amma in ya hango Malam a hanya sai ya canza titi. Abin yana ci mini rai, domin duk sanda na kai gaisuwa, tambayar Malam ta farko ita ce, "Ina Tsinke?"

Da ɓarin jikin Malam ya shanye, matarsa, wadda duk muke kira Inna, ba ta iya ɗaga shi ita kaɗai. Sai mu tsofaffin yaransa muka riƙa zuwa bi da bi, mu ɗauke shi daga gado zuwa kujera. Ranar da layi ya zo kaina bayana ya riƙe, aikin walda ya gama da shi. Na ce wa Tsinke ya kai ni a tasinsa, ya sauke ni kawai. Ya raka ni har ƙofar ɗaki don ina ɗingishi, ya toge a nan, ya harɗe hannu.

Na tallabo Malam, bayana ya ce bai san zance ba. Muka sulale ƙasa tare, ni da shi, tsakanin gado da kujera. Inna ta juya ta dubi ƙanena, ta daka masa tsawa: "Kai, ɗaga shi mana!"

Kafin ta rufe baki ya tsallake ni, ya sungumi Malam kamar jariri ya zaunar. Ni kuwa aka bar ni a ƙasa, ba wanda ya tuna da ni.

Malam ya riƙe masa riga da hannun da ke aiki. Bakinsa ya karkace, magana tana fita da ƙyar.

"Tsinke. Ranar nan... ƙwallon nake nufi."

"Na'am, Malam?"

"Ƙwallon. Ka ɗaga shi ta saman golansu. Ina son kofin nan, har na manta da yaron da ke ƙasa. Ni na manta dokata, kai ka tuna. Kunya ce ta hana ni faɗa."

Tsinke ya dubi Malam. Sai dariya ta ƙwace masa, daga nan ta koma kuka, ya durƙusa ya kifa kansa a gwiwar Malam.

Daga ranar ya soke mana layi. Kullum da safe tasinsa na ƙofar gidan, shi ke ɗagawa, shi ke kwantarwa, har Malam ya cika a hannunsa.