Lallen Inna da na'urar banki

Jama'a, yau lalle ya tsayar da aiki a wani banki a Dutse!

Na rako Innarmu daga Jahun a buɗe mata asusunta da aka rufe, kuɗin takinta na ciki. Na'ura ta ƙi karɓar yatsanta saboda lallen sunan jikarta.

Ma'aikaciyar ta ce, "Hajiya, doka ce. Sai kin je kin kankare."

Inna ta ce, "Ba zan kankare ba. Damina jira na za ta yi?"

Ma'aikaciyar ta dangwala nata yatsan za ta kira na gaba. Na'ura ta ƙi. Ashe ita ma hannun jawur yake!

Inna ta gyara zama ta ce, "To 'yata, doka ce. Sai mu jira tare."