Tagar Baba Sale

"Ke 'yar nan, wa zai je can ya yi sallah?"

Tambayar da Baba Sale, maƙwabcinmu a Darmanawa, ya yi min ke nan da na shimfiɗa masa zanena a kan tabarma. A shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki ne, ofishinmu na Gyadi-Gyadi ya samu aikin zana wurin gyaran injuna da ɗakunan ma'aikata da masallaci a wani dam mai ba da wutar lantarki. Aikina na farko, murna kamar in tashi sama! Shi kuwa a dam ya yi aiki har ya yi ritaya.

Na ce, "Baba, ai masallacin ya yi kyau a bakin get."

Ya ce, "Mai kula da inji ba ya barin inji. In ya tafi can, ƙararrawa ta buga, wa zai ji? Mu a kan kwali muka yi ta sallah, hannu duk baƙin mai. Ki sa famfo da ɗan ɗaki a jikin ɗakin injin, ki fasa taga."

Wallahi da gudu na koma ofis na sake zanen.

Yau wani injiniya ya turo min hoto: mutum uku a sahu, ga tagar a gefensu, ana hango injin. Sai da na yi ihu! Baba bai rayu ya gani ba, Allah Ya kai masa ladan.

Ku fa, wane dattijo ya taɓa gyara muku aikin da kuka yi digiri a kansa?