Ƙaho a Gaban Baban Matata

Ni ban yi boko mai nisa ba, abin da na yi ma rabinsa a kan tsamiyar bayan aji na ƙare shi. Amma a duk tsararrakina na Tambuwal ni kaɗai ne aka taɓa nunawa a ƙasar Turawa. Bayana aka nuna, gaskiya, ba fuskata ba.

Wata ranar kasuwa ce baƙi uku suka sauka daga mota: Bature mai kyamara, wata Baturiya riƙe da doguwar sanda mai gashi a kai wadda aka ce ita ke kama murya, sai tafintansu, wani ɗan birni mai Hausar rediyo. Tafinta ya ce yawon duniya suke yi suna ɗaukar al'adu masu tayar da tsigar jiki. Sun ɗauki masu cin maciji, sun ɗauki masu taka wuta. Daga Kebbe suka fito, inda aka ce musu akwai masu wasa da kada, amma suka tarar da mutane na ta cirar albasa. Ransu a ɓace yake.

Ni kuwa Allah ya yi ni da shiga abin da ba a kira ni ba. Na ce akwai mai tsotsar jinin mutane da ƙahon saniya, nan bayan 'yan hatsi. Wanzaminmu nake nufi, abokina tun muna yara, wanda ke yi mini ƙaho duk sanda noma ya riƙe mini baya. Idon Bature ya kawo haske. Aka shirya ni zan zauna a yi mini. Sharaɗi ɗaya suka kafa, idan aska ta taɓa ni in yi ihu, domin in babu ihu mutanensu ba su kallo. Na ce ihu kuma ai gadonmu ne.

Wanzami ya dube ni ya ce tsufa dai bai ƙare ni da komai ba. Baƙin suka sa ya ɓoye rediyonsa, suka cire mini agogo da hula, na tuɓe riga na zauna kan tabarma, tumbina a gaba kamar tulu. Ya kafa ƙahonni a bayana, ya zuƙe iska ya toshe, muka jira fata ta taso.

Nan ne baban matata ya shigo rumfar wanzamin, ya zo aski. Tsoho ne tukuf, da sandarsa. Ni da furfurata har yau ba na wuce shi da takalmi, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga murya inda zai ji ba. Ga ni tsirara rabi, na yi wa baƙi alkawarin kururuwa.

Na sunkuyar da kai na gaishe shi. Ya amsa yana kallon wani wuri, don shi ma kunyar yake ji, ya zauna can gefe ya jira layi.

Wanzami ya cire ƙahon farko ya fara tsattsagawa. Tafinta ya yi ta ɗaga mini hannu, Baturiya ta kawo sandar nan dab da bakina har gashin na sosa mini hanci.

"To bisimilla," in ji wanzami a kunnena. "Ga Turawa, ga Baba. Zaɓi wanda kaka iya kallo gobe."

Na buɗe baki, ko iska ba ta fito ba. Dama ƙaho ba ya da wani zafi, kamar cizon cinnaka ne, sai ma daɗi idan jinin ya fara fita. Na rufe ido don kada in haɗa ido da kowa. Da na buɗe, baƙi na naɗe wayoyinsu, wanzami na rufe jinin da toka. Ko sallama Bature bai yi mini ba.

Na ɗauka magana ta mutu. Bayan damina ta wuce sai mai shagon cajin waya ya kira ni ya nuna mini fim ɗin a waya. Ga bayana, ga tabon da garma ta yi mini a kafaɗa, kowa ya san nawa ne. An sa kiɗa mai ban tsoro, aska na taɓa ni sai wani ihu ya tashi, siriri, kamar an taka wutsiyar akuya. Ban san inda suka samo mai shi ba.

Kafin la'asar ya gama gari. A majalisa ana ganina sai wani ya kwaikwayi ihun. Na rantse ba muryata ba ce, amma wa zai yarda da mutumin da aka sani da tsara zance? Matata ta dangwarar mini da tuwo ta juya ta tafi, wannan ya fi ihun ciwo.

Shaida biyu gare ni. Wanzami ya ce shi aikinsa yake yi, bai ji komai ba, yana faɗa yana danne dariya. Saura Baba, shi kuwa ba a zuwa wurin suruki neman shaida.

Ashe an kai masa wayar. Ranar Juma'a a ƙofar masallaci, mutane na neman takalmansu, ya tsaya ya dogara sanda. Bai dube ni ba.

"Ina wurin," ya ce. "Yaron ga bai ce uffan ba. Barci ma ya yi, har da minshari, sai da wanzami ya tashe shi."

Ni ban san na yi barci ba. Amma Baba ba ya ƙarya, kowa ya sani. Daga ranar aka daina yi mini ihu a majalisa, aka koma minshari. Na karɓa hannu biyu.